Kama da Wane

Wata bakwai ina zubin adashi
wurin Hajiya Barira mai kayan miya,
don tsohuwar kwamfutata ta fara nishi.
In na buɗe katin biki ɗaya sai ta tsaya tunani,
mai katin ya je La'asar ya dawo
ba ta gama juya furen kusurwa ba.

Ranar kwasa na hau adaidaita sai titin Beirut.
Wani yaro mai jar hula ya buɗe tafinsa,
ga 'yar ƙwaƙwalwa, ba ta kai akwatin ashana ba.
Ya ce, "Ai-sebin ce, yallaɓai, babbar yaya."
Na ji bakwai, na tuna tawa biyar ce,
na ƙirga masa kuɗi, ko tayi ban yi ba.

A shagona na Ƙofar Wambai na ɗaga marfin gurbi.
Ta zauna ɗas, kamar don ita aka haƙa.
Na shafa mata farin mai, na ɗaure fanka,
na yi bisimilla na danna.
Fanka ta yi juyi uku, ta yi shiru.
Gilashi baƙi ƙirin.
Na zargi wuta, na zargi waya,
na zargi idon mai shagon ɗinki da ya leƙo.

Tasi'u mai gyara yana ƙarƙashin matakalar bene,
shayinsa ya huce, ƙarfen dalma na hayaƙi.
Ya kanga ta a haske, ya karanta bayanta,
ya yi dariyar da ba ta da sauti.

"Kai da ka san Talatu ran Talata ta faɗo,
ka san Gambo bayan tagwaye ya zo,
ka kasa karanta sunan wannan?
Bakwai ɗin da ka ji sunan gida ne.
Lambar da ke biye ita ce tsara.
Wannan 'yar tsara ta takwas ce,
uwar allonka kuwa a ta bakwai ta tsaya."

Na ce, "Ai ta shiga!"

Ya ce, "Mukullin maƙwabci ma yana shiga kwaɗonka,
juyawa ce ba ya yi.
Allura dubu da ɗari da hamsin da ɗaya a can,
dubu da ɗari da hamsin da ɗaya a nan,
suna ɗaya, rami ɗaya, hanyar wuta daban.
Kama da wane ba ta wane.
Kuma ka riƙa duba wutsiya:
in ka ga ef, makauniya ce, sai ka saya mata ido.
Akwai ma tsohuwar bakwai da sabuwar uku ke tsere wa,
girman suna ba shi ne gudu ba."

Ya juya rasit ɗina ya yi rubutu a bayansa:
lambar allo tukuna,
sannan abin da allon zai iya ɗauka,
sannan ƙarfin akwatin wuta,
kuɗi a ƙarshe.
"A auna bakin ƙofa kafin a je wurin kafinta."

Na koma wurin mai jar hula.
Ya shinshina ta, ya ce an riga an shafa mata mai.

Da ragowar canjin Tasi'u ya ƙara mini ram guda,
furen kusurwa yanzu yana juyawa kafin a kira salla.
Ita kuwa babbar yaya tana cikin gwangwanin madara,
nannaɗe da auduga, a saman kanta,
tana jiran allon da ya san sunanta.
Jiya na kai wa Hajiya Barira zubin farko.
Ta ce, "Wannan karon na mene ne?"
Na zaro rasit ɗin, na karanta mata lambar a hankali.